Takobi da Garma: Ɗan Tunku da Zuriyarsa a Bakin Iyakar Kano

Laccar da wani ɗalibin Sashen Tarihi ya gabatar a taron Makon Ɗalibai

 

Kafin in shiga cikin magana, ya wajaba in nemi afuwar malamaina, domin ni ɗalibi ne, kuma ɗalibi in ya miƙe a gaban malamansa, to hadda ce yake bayarwa. Inda na yi daidai, daga gare su ne. Inda na kauce, sai a gyara mini.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Dambatta da Kazaure a tsakiyar damina, ya san irin abin da ido ke gani. Gona na manne da gona, babu wani daji a tsakani. Ga gero da dawa da gyaɗa da wake, ga ɗorawa da kuka da tsamiya tsaye cikin gonaki, kowace bishiya da mai ita, ga kuma burtali ya ratsa domin dabbobi. Ƙasa ce wadda ba a barinta ta huta, sai dai a yi ta ciyar da ita da taki shekara bayan shekara. Baƙo zai ɗauka haka Allah ya halicci wurin, cikin lumana, tun fil azal. Amma fa tambayar da nake so mu yi wa kanmu a yau ita ce: wa ya fara riƙe wannan ƙasa, da me ya riƙe ta, kuma hannun wa ya nome ta? Zan nemi amsar ta hanyar bin rayuwar mutum guda da gidansa, watau Ibrahim Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure. Abin da nake so in tabbatar shi ne, gonakin nan takobi ne ya tsare su, garma ce ta raya su, amma tarihin da muke bai wa junanmu ya riƙe sunan mai takobi ya yar da sunan mai garma.

Wane ne Ɗan Tunku?

Ɗan Tunku Bafillace ne daga zuriyar Yarimawa, kuma zamansa a ƙasar Dambatta yake sa'ad da jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya tashi a 1804. Ku dubi inda Dambatta take. Tana arewa da birnin Kano, a yankin da ƙasashen Kano da Katsina da Daura suka kusanci juna. Wanda ke zaune a irin wannan wuri ba ya barci da ido biyu, kuma duk rundunar da za ta kai gudummawa daga wannan birni zuwa wancan, sai ta bi ta kusa da ƙofar gidansa. Amfanin Ɗan Tunku ga masu jihadi ke nan. Ya taimaka wajen hana sarakunan Haɓe na waɗannan ƙasashe uku haɗa ƙarfinsu wuri guda, kuma yana cikin waɗanda suka sami tuta daga Shehu. Bayan an karya rundunar Sarkin Kano Alwali a Ɗanyaya, aka kuma kashe shi a Burumburum a 1807, sai mulkin Kano ya koma hannun Malam Sulaimanu, Ɗan Tunku kuwa ya ci gaba da riƙon ƙasa mai faɗi a arewa.

Muddin Sulaimanu na raye, zaman ya tafi ba tare da an zare takobi ba. Amma Shehu ya rasu a 1817, Sulaimanu ya bi shi a 1819, aka naɗa Ibrahim Dabo na gidan Sulluɓawa ya zama Sarkin Kano. Nan fa Ɗan Tunku ya ƙi yin mubaya'a. Hujjarsa mai sauƙin ganewa ce: tutarsa daga hannun Shehu ta fito, kamar yadda ta Kano ta fito, saboda haka ba ya ganin dalilin da zai sa ya durƙusa wa wanda yake ɗauka tsaransa ne. A wajen Dabo kuwa, ƙasar Kano guda ce, kuma idan aka bar kowane mai dawaki ya yanki rabonsa, to babu abin da zai saura. Kowannensu yana da abin faɗa. Sai dai idan manya biyu suka yi jayayya a kan ƙasa, ba a zaure ake gama ta ba, a gonar talaka ake gama ta.

Shekara biyar ana fafatawa

Daga 1819 har zuwa 1824 aka yi ta gwabzawa. Ɗan Tunku ya matsa zuwa cikin duwatsun Kazaure, ya kafa sansani inda doki ba ya sakewa da gudu, yana fitowa yana kai hari a ƙauyukan arewacin Kano har kusa da birni. Sarki Dabo, wanda ake yi wa laƙabi da Cigari sabili da yawan garuruwan da ya ci, ya ga cewa fita yaƙi sau ɗaya a shekara ba za ta tsare masa ƙasa ba. Sai ya bi dabarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fi ƙarfafawa, watau kafa ribaɗi.

Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da iyalansu, a ba su ƙasar noma, da sharaɗin su tsare wurin. Bello da kansa ya zauna a ribaɗinsa na Wurno, can kuma ya rasu a 1837. A Kano, Fanisau, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Ungogo a yau, tana cikin ribaɗin da Dabo ya ƙarfafa domin tare hanyar Ɗan Tunku. Muna da shaidar wani baƙo a kan haka. Sa'ad da Baturen Ingila Kyaftin Hugh Clapperton ya iso Kano a watan Janairu na 1824, bai tarar da Sarki a birni ba, sai da aka kai shi Fanisau, inda Sarki ya yi sansani yana shirin fita yaƙi da Ɗan Tunku. Ku auna wannan da kyau. Wurin da a yau ɗalibi zai hau babur daga birni ya je ya dawo kafin azahar, shi ne bakin daga a wancan zamani.

Da yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka kai magana gaban Sarkin Musulmi Bello, shi kuwa ya tabbatar wa Ɗan Tunku 'yancinsa daga Kano. Haka Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta, ƙarama a tsakanin manya, wadda aka yanko daga gefen Kano da Katsina da Daura. Dambatta kuwa ta zauna a ƙarƙashin Kano, daga bisani ta zama mazaunin Sarkin Bai na gidan Dambazawa, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Ɗan Tunku bai daɗe yana cin moriyar nasararsa ba, domin a 1824 ɗin nan Allah ya yi masa rasuwa.

Yadda gidan mai tsaron iyaka yake

Yanzu bari mu sauka daga kan doki mu shiga cikin gida, domin a nan ne zancen ya fi nauyi. Me ke riƙe da mutum irin Ɗan Tunku, ko kuwa jarumin da aka zaunar a Fanisau?

Abu na farko shi ne doki. Barde ba ya yaƙi da ƙafa, doki kuwa ba ya cin alkawari. Yana bukatar dawa da harawa da ciyawa kullum, yana bukatar mai yanko masa da mai share masa turke, ga sirdi da linzami da lifidi, waɗanda sai an biya maƙeri da baduku. Mutumin da ke da barade hamsin, to yana ciyar da bakuna ɗaruruwa, na mutane da na dabbobi. Abincin nan kuwa daga ƙasa zai fito.

Abu na biyu shi ne gandu. Asalin gandu shi ne gonar gida, inda uba da 'ya'yansa da ƙannensa ke noma tare, a zuba a rumbu guda, maigida ya ciyar da kowa, ya biya haraji, ya yi wa samari aure. Amma a gidan mai sarauta da attajiri, gandu ya wuce haka nesa. 'Ya'yan gidan suna kan dawaki ko suna gaban malam, saboda haka waɗanda ke duƙe a kan kunya bayi ne. A nan ne takobi da garma suka haɗu. Yaƙi ke kawo bayi, bayi su noma hatsi, hatsi ya ciyar da dawaki, dawaki su koma yaƙi. Bawa yakan yi aikin gandu daga safe har rana ta take, sa'an nan ya juya ga 'yar gayaunarsa da aka yanka masa domin kansa. Gandayen Sarkin Kano suna ƙarƙashin kulawar manyan bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi, kuma a Fanisau har fatake masu arziki na birni sun mallaki gonaki da bayi. Malam Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi sukutum a kan gandayen Fanisau, wanda ya fito a 2011, ya kuma dogara ƙwarai da hirarrakin da aka ɗauka da tsofaffin wurin. Ina roƙon duk ɗalibin da ke nan ya neme shi.

Abu na uku shi ne aure da haihuwa. A bakin iyaka, yawan 'ya'ya maza shi ne yawan mashi, 'ya'ya mata kuwa da su ake ƙulla zumunci da maƙwabta, domin surukinka ba ya saurin kawo maka hari. Ban da matan aure akwai ƙwaraƙwarai, kuma a shari'a ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, yana iya hawa gadon sarauta. Ma'anar wannan ita ce, a cikin gida guda jinin mai takobi da jinin wadda aka kamo sun gauraya tun ƙarni biyu da suka wuce. Duk mai taƙama da asali a cikinmu, ya kamata ya riƙa tunawa da kakarsa ta ɗaka kamar yadda yake tunawa da kakansa na kan doki.

Abin da 'ya'ya suka gada

Ɗan Tunku ya bar wa zuriyarsa ƙasa, amma ya bar musu ita tare da bashinta, bashin kuwa shi ne tsaro. Ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824, ya yi shekara 33 yana mulki, ya ƙarfafa garin ya faɗaɗa ƙasar. Sai dai a zamaninsa haɗarin ya sake alƙibla. Kano ta daina zama abokiyar gaba, sai ga Damagaram daga arewa ta yi ƙarfi a ƙarƙashin Sarki Tanimu, wanda ya tara bindigogi har da igwa. A 1857 Dambo ya faɗi a hannun mayaƙan Damagaram. Uban ya mutu a gida bayan ya ci nasara, ɗan ya mutu a fagen fama yana tsaron abin da uban ya bari. Bayansa Muhammadu Zangi ya riƙe daga 1857 zuwa 1886, sa'an nan Muhammadu Mayaƙi ya hau. Ko sunan nan kaɗai ya isa ya gaya muku irin zaman da ake yi.

Haɗarin Damagaram bai tsaya a Kazaure ba. A ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Alu, Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kutsa cikin ƙasar Kano har aka gwabza a wajen Gezawa. Manomin arewacin Kano ya shekara kusan tamanin yana noma da kunne a buɗe, yana jiran kuwwa, domin ya kwashi 'ya'yansa ya ruga cikin ganuwa. In ya yi jinkiri, shi da ya kwana ɗa sai ya wayi gari bawa a wata ƙasa. Wannan shi ya sa bauta a wancan zamani ba ta san ƙabila ba. Tsautsayi ne, wanda kan faɗa wa duk wanda dawaki suka riska a fili.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ne muka ga irin wannan. Duk inda masu ƙarfi ke tura iyaka cikin ƙasar wasu, sai an sami mutumin da ya haɗa gona da makami. George Washington, shugaban Amurka na farko, ya fara da aikin awon ƙasa, ya zama hafsa a rundunar sa-kai ta Virginia tun Ingila na mulkinsu, aka saka masa da filaye a bakin iyaka saboda yaƙin da ya yi, kuma sa'ad da ya mutu a 1799 akwai bayi fiye da 300 a gandunsa na Mount Vernon. Su ma Amurkawa sun daɗe suna karanta tarihin maigidan kafin su waiwayi sunayen waɗanda suka nome masa gona.

Da Turawa suka zo

Abin da ya kawo ƙarshen zaman iyaka ba sulhu ba ne tsakanin Kano da Damagaram. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, Ingilishi kuma suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Turawan biyu suka ja layi a kan takarda, suka raba Nijeriya da Nijar, hari ya ƙare. Sarki Mayaƙi shi ne a kan gadon Kazaure a lokacin, ya kuma ci gaba da sarauta har 1914, amma a cikin Lardin Kano, ƙarƙashin idon Razdan. Jikokin barade suka rataye takubba, suka zama hakimai da dagatai da malaman haraji. Dokin da aka saya domin yaƙi ya koma na hawan salla.

To, bayin gandu fa? Gwamna Lugga bai 'yanta su gaba ɗaya ba, domin yana tsoron kada noma ya tsaya, sarakunan da yake mulki ta hannunsu kuma su juya masa baya. Abin da aka yi shi ne, aka hana kamu da cinikin bayi, aka ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, manya kuwa sai su fanshi kansu a gaban alƙali. Da yawa sun bi ta hanyar murgu, watau bawa ya yi aikin kansa yana biyan ubangijinsa wani abu, yana kuma tara kuɗin fansa. Ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai a 1936. Ana cikin haka jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, ƙasa ta yi daraja irin wadda ba ta taɓa yi ba. Da tsoron hari ya kau, mutane suka fito daga cikin ganuwa suka bazu, suka cike dajin da dā ake bari tsakanin gari da gari. Wasu 'yantattun bayi suka tashi suka sari sabon daji, wasu suka zauna a kan gayaunar da iyayensu suka noma, ba takarda, ba shaida, sai dai sanin dattawa. A bisa doka kuwa, tun daga shelar 1910 ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna ne a matsayin amana, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bi wannan sawu, ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta, ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin riƙon gonakin karkara. Kazaure kanta ta koma Jihar Jigawa a 1991, Dambatta da Fanisau suka zauna a Kano.

Abin da ya shafe mu

Wataƙila wani zai ce, wannan duk ya wuce, me ya kawo tone-tone? Bari in ba ku abin da na gani da idona. A ƙauyenmu, ina aji biyar na sakandare, aka yi rikicin iyakar gona tsakanin gidaje biyu da suka shekara aru-aru suna maƙwabtaka. Ana cikin sasantawa a ƙofar gidan mai unguwa, sai wani dattijo ya dubi abokin jayayyarsa, mutum mai furfura kamarsa, ya ce masa, “Kai har kana da bakin magana a kan ƙasa? Kakanka da igiya aka kawo shi garin nan.” Wuri ya yi tsit. Mutumin bai ce uffan ba, ya ɗauki takalmansa ya tafi, kuma maganar auren da ake yi tsakanin gidajen biyu ta mutu daga ranar. Da na koma gida na tambayi kakata, sai ta ce, “Ɗan nan, wanda aka kawo da igiyar shi ya sare kututturan gonar da suke faɗa a kanta.” Tun daga ran nan na san cewa abin da muke kira tarihi yana nan da ransa, yana hana aure, yana kuma yanke hukunci a kan gona.

Saboda haka ina da roƙo guda uku. Na farko ga 'yan'uwana ɗalibai. Idan aka yi hutu, kada mu tsaya ga jerin sunayen sarakuna. Mu zauna da tsofaffinmu, maza da mata, mu tambaye su wa ya haƙa rijiyar unguwa, wa ya dasa tsamiyar bakin kasuwa, daga ina mutanen kowace unguwa suka zo, mu rubuta. Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta mana labarin jihadin Kano a cikin Taƙyidul Akhbari tun ƙarni na 19, shi ya sa muke da abin karantawa a kan shugabanni. Na talakawa kuwa yana cikin ƙirjin tsofaffi, kuma kullum sai an binne wani.

Na biyu ga yayyenmu ma'aikata, musamman waɗanda ke ofisoshin ƙasa da safiyo da na ƙananan hukumomi. Birni yana cin gonakin Ungogo da kewayenta a kowace shekara. Ranar da fayil ɗin diyya ko na izinin mallaka ya zo teburinku, ku tuna cewa mai takarda da mai sanin manya ba lalle ne su ne suka fi daɗewa a kan ƙasar ba. Iyalin da suka shekara ɗari suna zuba wa gona taki suna da hakki, ko da kakansu bai taɓa hawa doki ba. Ku fita ku taka gonar da ƙafarku, ku ji ta bakin maƙwabta, kafin ku sa hannu.

Na uku gare mu duka. Ban zo nan domin in rage wa Ɗan Tunku daraja ba. Mutum ne jarumi mai hangen nesa, wanda ya tsaya a gaban Kano shekara biyar bai durƙusa ba, ɗansa kuma ya ba da ransa wajen tsaron jama'arsa, gidansa na nan da mutuncinsa har yau. Ba don irinsu ba, da manomi bai sami inda zai gudu ba ranar da kuwwa ta tashi. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan za mu yaba wa wanda ya tsare ƙasa, to mu yaba wa wanda ya nome ta, mu kuma daina jifan jikokinsa da kalmar da kakansa bai zaɓa wa kansa ba.

Shugaban taro, na ga alamar lokacina ya cika. Ina jiran gyara da tambayoyi. Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, na kan doki da na kan kunya, ya ba mu ikon riƙe amanar da za a ɗora mana.